Na Ga Kanon 1851 da Idona!

Jama'a, ashe akwai zanen birnin Kano da aka buga shekara arba'in da 'yan kai kafin Turawa su ci garin da yaƙi a 1903! A nan Gawu Babangida wani malamin tarihi ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, ka gane garin nan?" Na ƙura ido: soraye na ƙasa, bukkokin ciyawa birjik, ga dabinai sun yi tsiri-tsiri. Kano ce, daga saman Dutsen Dala! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Mai zanen farko shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya biyo ta Katsina, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya hau Dala ya zana abin da ya hango. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, idan fatake suka cika gari kuwa adadin kan ninka. Ya kuma rubuta cewa tufafin da masaƙa da marinan Kano ke yi suna kaiwa har Tumbuktu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda aka buga shi. Wani mai zane, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka Kano ba, shi ya ƙawata zanen Barth. Aka sauke shi a kan dutse mai santsi, aka shafa tawada, aka danna takarda, launi bayan launi. Haka ya fito cikin littafin tafiye-tafiyen Barth mai juzu'i 5, a Landan da Gotha ta Jamus, tsakanin 1857 da 1858. Hannu biyu ke nan, don haka a kalle shi da lura, amma Dala dai Dala ce.

Barth bai biyo ta yankinmu ba, ko da yake a lokacin tsohuwar Abuja, wato Suleja, da Abu Ja ya kafa a 1828, tana da ganuwarta. To, wa zai adana mana kamannin garuruwanmu? 'Yan'uwa na Suleja da Gawu, ku buɗe akwatunan kakanni, ku fito da tsofaffin hotunan fada da kasuwa da masallaci, a kwafe su kafin gara ta riga mu.