Fijo Mai Ƙofa Biyu a Rabon Gado

Kawuna dillalin motoci ne a Kano, kuma a farkon shekarun 1990, bayan na gama sakandare, ni ke riƙe masa jakar takardu. Yawancin cinikinmu bai wuce Fijo 504 da 505 ba, sai kuma 'yan Kwatano da suka fara cika gari. Waɗannan kowa ya san kuɗinsu. Mai saye ya taya, mai mota ya ce albarka, a ja a ja, kafin la'asar an sallama.

Wadda ta ba mu aiki ita ce motar wani marigayi tsohon ma'aikacin gwamnati, da magada suka kira Kawu ya yi mata kuɗi don a raba gado. Muka same ta a gareji, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta. Tambarin zaki na nan a gaba, an kuma rubuta 504 a baya, amma ƙofa biyu gare ta, ga ta a kwance ƙasa-ƙasa, da ƙananan fitilu huɗu a gaba, na baya kuwa an tsaga su uku-uku a karkace. Irinta ake kira Coupé. Ta fara fitowa a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma ƙera bodinta, aka daina yinta a 1983. Ba ta cikin waɗanda masana'antar Fijo ta Kaduna ta riƙa haɗawa tun 1975, marigayin daga Turai ya taho da abarsa.

Kafin mu zo har an taya. Wani mai motocin haya ya ce shi inji da giyabos kawai yake so, don ba wanda zai yi lodin Kano zuwa Zariya da mota mai ƙofa biyu. Wani daga Ƙofar Ruwa ya taya ta a kuɗin kayan gyara. Babban ɗan marigayin har ya fara karkata, ya gaji da ganinta.

Kawu ya ce da uwargidan, "Hajiya, a ba ni lokaci. Waɗannan ba ƙarya suka yi ba, iyakar amfaninta a wurinsu ke nan. Amma akwai masu nemanta don ita kanta, kuma akwai marayu a cikin wannan gado."

Daga nan ya shiga bincike, ni kuma na ga yadda ake yi wa tsohuwar mota kuɗi. Bai fara da inji ba. Ya ce injin mai silinda huɗu ɗan gidan 504 ne, ko a Fanteka ta Kaduna a samu kayansa. Abin da ba a samu shi ne bodi, domin ƙofa da gilashi da fitilun wannan ba sa shiga na 504 ɗin da muka sani. Ya sa na kwanta a ƙasa da tocila ina ƙwanƙwasa ƙarfe da sukundireba, shi kuma yana bin gefenta da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin hankici. Inda maganaɗisun ya ƙi kamawa, fanal bita ya taɓa cika wurin da fila. Wuri ɗaya muka samu, bayan tayar hagu. Tsatsa kuwa kaɗan ce, albarkacin busasshiyar iskar Kano. Da a Legas ta yi wannan zama, da gishirin teku ya cinye ta. Sai dai rana ta karɓi nata rabo, dashbod ya tsattsage, kujeru sun bushe.

Da aka buɗe bonet Kawu ya yi tsaki. Motar da injekta ta zo, irin ta Kugelfischer, amma wani bakanike da ta gagare shi ya cire ta ya ɗora kafireta. A wurin direban haya wannan gyara ne, a wurin mai son tsohuwar mota kuwa aibi ne babba. Hajiya ta tuna da wani kwali a ɗakin ajiya. Aka jawo shi, sai ga famfon injekta da bututansa, har da littafin mota da takardun kwastan, lambar cesis ta dace da wadda ke jiki. Kawu ya ce kwalin nan kaɗai ya fi abin da mutumin Ƙofar Ruwa ya taya.

Lissafinsa ba shi da wuya. A nemi abin da mai lafiya irinta za ta yi a hannun wanda ya san ta, a cire kuɗin gyara, a kuma rage wani abu saboda masu sonta a nan ba su da yawa. Farkon ne mai wahala, don babu intanet, sai tambaya. Ya aika wa wani ɗan Lebanon mai sha'awar tsofaffin motoci, ya kuma je Kaduna ya samo wani Bafaranshe injiniya. Shi ne ya ba mu labarin cewa irinta mai injin V6 ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978. Kawu ya saurara da kyau, sannan ya ce tamu ba V6 ba ce, don haka ba zai sa wannan labari a kuɗi ba. Wani abokin sana'a ya ba shi shawara a kawo ɗan taya na bogi ya zuga masu saye, Kawu ya ce wannan haramun ne, ba da shi ba.

Abin da har yau nake jinjina masa shi ne duk abin da ya gano, a gaban magada da masu saye ya faɗe shi, filar bayan taya da kwalin injekta duka. Dillalai da yawa da sun saye ta da kansu a kuɗin kayan gyara, su kwana biyu su sayar.

Ɗan Lebanon ɗin ne ya fi tayi, kusan kuɗin 504 mai lafiya biyu. Hajiya ta dubi Kawu, ya gyaɗa kai, babban ɗa ya ce ya sallama. Aka biya la'ada, aka kai sauran gaban malamin da ke rabon, ya fitar wa Hajiya tumuninta, 'ya'ya suka raba abin da ya rage.