Gidan da Alƙali Ke Zuwa Wajen Yaro

A Reykjavik, babban birnin Iceland, an kai ni Barnahus, gidan da ake sauraron yaran da aka ci zarafinsu. Ni da na saba duk inda hukuma take sai an ga ƙaton allo da ɗan sanda a bakin ƙofa, sai ga ni cikin unguwa, gaban gidan da bai bambanta da na maƙwabta ba. Ciki kuwa kujeru masu laushi da kayan wasa. Na yi ta rarraba ido ina neman kujerar alƙali.

Ashe alƙalin ba ya zama gaban yaro. Ƙwararriyar mai tambaya ce ke zama da shi, su biyu rak, ana ɗaukar hirar a bidiyo. Alƙali da mai gabatar da ƙara da ɗan sanda da lauyan wanda ake zargi da lauyan yaron duk suna wani ɗaki, suna kallo ta talabijin. Wanda ke da tambaya sai ya aika mata, ita ta san yadda za ta sauke ta daidai hankalin yaro. Ba a ce masa "wane ne ya taɓa ka, ko?" don kada a sa masa magana a baki. A kan ce ya ba da labari, sannan a yi shiru a jira. Mu da ke tsare yaro da tambaya goma a numfashi ɗaya, wannan jiran kaɗai aiki ne. Bidiyon shi ake kaiwa kotu, ba sai yaro ya tsaya ido da ido da wanda ya cuce shi ba. Likita da mai kwantar da hankali ma nan suke zuwa su same shi.

Bragi Gudbrandsson ne ya jagoranci buɗe gidan a 1998. Dabarar daga Huntsville ta jihar Alabama a Amurka ya aro ta, inda wani mai gabatar da ƙara, Bud Cramer, ya kafa irin wannan cibiya a 1985, bayan ya ga yadda ake yawo da yara ofis-ofis suna maimaita abin da ya same su har su gaji, labari ya rikice, shari'a ta watse. Suwidin ta bi sahu a 2005, Norwe a 2007.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kai rahoto. Dokar kare yara ta Iceland ta 2002 ta wajabta wa kowa, ba malami ko likita kaɗai ba, ya sanar da hukuma in yana da dalilin zargi. Ba a nemi ya zo da hujja ba, bincike aikin hukuma ne. Yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya dawo da fitsarin kwance, ko ya riƙa firgita in wani ya shigo, ko rauni da bayaninsa bai shiga hankali ba: sai a kira lambar gaggawa ta 112, kuma maƙwabci na iya neman a sakaya sunansa. Nan take bakina ya ɗauko abin da ya saba, cewa in ɗan'uwa ne ai sai a kira manya a sasanta, a rufa asiri. Kafin in furta sai na tsaya ina ƙirga waɗanda ke halartar irin wannan zaman sulhu a wajenmu: kawu, baffa, mai unguwa, liman. Yaron yana tsakar gida, an ce ya je ya yi wasa.