Kyamara Mai Madubi Ko Maras Madubi?

Burina in ɗauki hotunan dattawanmu na kasuwar doya a Agyaragu kafin ƙasa ta rufe idanunsu, domin wasunsu ba su da hoto sai na katin zaɓe. To da wace kyamara?

Abokaina sun ce Sony a6000, maras madubi, ba nauyi. Haka ne. Amma batirinta a hoto 360 yake ƙarewa, na Nikon D3500 mai madubi kuwa yana kai 1,550. Wanda ya san halin wutar garin nan ya gane. Ga hunturu: kana cire gilashin gaban Sony, ƙura ta sauka kai tsaye kan idonta. Don haka Nikon ta hannu zan saya, da gilashi 35mm guda ɗaya, in sha Allahu.