Daren da Muka Nemo Kaza a Sararin Abzin

A sanyin wata shekara muka tashi daga Yamai zuwa Agadas, ɗauke da ƴar kyamara da alkawari guda. Kakan yaranmu, wanda ya yi samartakarsa yana bin ayarin gishiri zuwa Bilma, ya daɗe yana kukan cewa fitilun birni sun haɗiye taurarin da ya sani, har jikokinsa sun tashi ba su san Kaza da ƴaƴanta ba. Ƙafa ta riga ta gaza masa, sai muka ce: "Baba, za mu kawo maka ita a hoto."

A gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, muka fara gwadawa. Hannu na rawa, fitilun gari na haske, babu abin da ya fito sai duhu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga nan muka nausa cikin duwatsun Abzin zuwa Timiya, garin lambunan lemu da rumman. Muka jira ƙarshen wata, lokacin da babu farin wata, muka kuma dace da daren da hazo ya kwanta. Muka kashe tocila muka zauna kamar minti 20, har ido ya saba da duhu. Muka kafa kyamara bisa sanda mai ƙafa uku, muka kashe walƙiyarta, muka daidaita ganinta da hannu kan tauraro mafi haske, muka bar idonta a buɗe daƙiƙa 15. Da muka zarce haka sosai, sai taurari suka koma zare-zare, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Sanyi ya shanye batir ɗin farko, na biyu da muka ɓoye cikin aljihu shi ya fisshe mu.

Can dare ya raba, sai ga Kaza a hoto, da ƴaƴa fiye da shida ko bakwai da ido yake ƙirgawa. Hasken da muka kama ya yi shekara sama da 400 yana tafe.

Da muka komo gida, tsoho ya daɗe yana duban hoton bai ce uffan ba. Sannan ya ɗora yatsa ya kira autarmu: "Zo nan, amarya, in nuna miki abokiyar tafiyarmu."