A Ina Jirgin Yake Kwana?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Tun da na sa hoton fiffiken nan makon jiya, tambaya ɗaya ake ta turo mini: yaushe zai tashi? Har da masu cewa in ajiye musu kujera zuwa Kano hutun sallah. To ku kwantar da hankalinku, ba ya ɗaukar mutum. Jirgi ne marar matuƙi, faɗin fukafukansa mita uku, shi ne aikin digirina na biyu, kuma abin da ake so ya yi shi ne ɗaukar hoton gonaki daga sama. Tambayar da ba wanda ya yi mini kuwa ita ce take hana ni barci a Legas ɗin nan: a ina yake kwana?

Ku lissafa da kanku. Ranar da na samu sarari sosai, awa uku ko huɗu nake yi a kansa. Sauran awa ashirin ɗin kayan a ajiye suke, ba mai kallonsu, kuma a lokacin ne suke lalacewa. Wurin aikin sashenmu na kowa da kowa ne, ɗalibai sun fi teburan yawa, ana kulle shi da yamma. Wanda kuma ya ga yajin aikin 2022 na wata takwas ya san abin da ake nufi da a kulle ƙofa kayanka suna ciki. Shi ya sa duk mai aiki irin nawa yake neman wuri a waje.

Haɗa jirgi a gida sana'ar Amurkawa ce tun da daɗewa. Suna da ƙungiya guda ta masu wannan harka, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a Milwaukee a 1953, kuma duk shekara suna taro a garin Oshkosh inda jirage kusan 10,000 suke sauka. Can jirgi na gaske ake nufi, mai ɗaukar mutum biyu. Dokarsu ta yarda ka yi masa rajista matuƙar mafi yawan aikin hannun mai sha'awa ne ya yi shi, ba masana'anta ba. Kamfani irin Van's Aircraft da ke jihar Oregon yana sayar da jirgin a warwatse, kashi-kashi: ka fara da jela, ka gama ka sayi fukafukai, sannan gangar jiki, daga ƙarshe sauran tarkace. Mutum ya shekara biyar yana abu ɗaya ba abin mamaki ba ne. Kenan jelar da ya gama a shekarar farko sai ta jira shi shekara huɗu a wani wuri.

Wurin nan kuwa gareji ne. Sai a fitar da mota ta koma kwana a waje, jirgi ya gaje ɗakinta. Jelar da aka gama a rataye ta a jikin rufi. Fukafukai a yi musu wata shimfiɗa ta katako mai tayoyi, a ɗaura tsummokaran kafet kamar majanyi, a tsayar da kowane fiffike a ciki gabansa yana kallon ƙasa, ta yadda ba zai ci wuri ba kuma ba inda zai lotsa. Gilashin robar da ke rufe matuƙi shi ake lallaɓawa kamar jariri, ba ya son rana, ba ya son a ɗora masa komai. Inji in zai daɗe a zuba masa man adanawa, a toshe ramukan fulogi da abin tsotse danshi. Kar ku ɗauka labarin ya yi mana nisa: Air Beetle da sojojin samanmu suka yi ta koyon tuƙi da shi, a Kaduna aka harhaɗa shi, kuma asalinsa samfurin RV-6A ne na wannan kamfani na Van's. Jirgin da wani yake haɗawa a garejinsa, shi muka yi wa fenti muka sa masa suna.

Mu ma muna da namu gwanin. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, yana ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci da babura, duniya ta ɗauka. Ina ƙaramin yaro lokacin, amma shi ya fara sa mini wannan ciwon. Sai da na zo nan na gane wata gata da Kano take yi wa maƙeri ba tare da ya sani ba: wata bakwai babu ruwan sama. A gida abokan gabarka ƙura ce da rana. Ka lulluɓe abu, ka sa shi a inuwa, shikenan. Da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A nan da damina sama da kashi 80 yake zama, ga gishirin teku a cikin iskar. Wanda ya taɓa buɗe akwati ya tarar takalminsa na sallah ya yi fumfuna ya san zancen.

Wani ƙaninmu da ya riga ni irin wannan aikin a matakin digirin farko, ɗan wajen Katsina, a filin da ke bayan gininsu ya ajiye nasa. Ya yi abin da kowa zai yi a gida: ya jingina fukafukan da katanga ya rufe da tamfol, ya danne da bulo. Ruwa bai taɓa su ba ko ɗigo. Amma tamfol a nan ba ya kare komai, tukunya yake zama. Ƙasa tana fitar da gumi da rana, tamfol ya riƙe shi, da asuba ya sauko a kan kaya. Bayan mako uku fiffike ɗaya ya murɗe. Ido ba ya gani sosai sai an ɗora shi a tebur, amma iska tana gani, domin fiffiken da ya murɗe kullum gefe ɗaya yake jan jirgi. Katakon balsa da ya yi amfani da shi daga waje ake kawo shi, da kuɗin makarantarsa ya saya. Sai da ya ƙara zango guda. Na ga yaron nan yana hawaye a masallaci, wallahi ban manta ba.

Rumfar kwano ma da wasu suke bugawa a baya kusan haka take, sai in an bar mata tagogi iska tana ratsawa. Kwano yana yin raɓa ta ciki. Kwantena kuwa, ga mai kuɗinta, tanda ce da rana. Ɗakin kwana fa? Nawa taku huɗu ne da taku uku, ni da katifa da risho da littattafai. Kuma batiran jirgin nan ba abin da mutum zai kwana kusa da su ba ne, in suka kumbura wuta suke kamawa.

Saboda haka gareji na nema, kuma na samu a wajen Baba mai gidanmu, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ya sayar da motarsa tun da aka cire tallafin mai. Ban fara da sa kaya ba. Sai da na roƙe shi aka fitar da janareto da jarkokin fetur, domin fetur yana narkar da farin soson da nake yanka haƙarƙarin fiffike da shi, ga kuma batira. Sannan na yi abin da kakanninmu suke yi wa rumbu: ba a ɗora shi a ƙasa, a kan duwatsu yake zama. Daɓen siminti yana tsotso ruwa daga ƙasa ko da ka gan shi a bushe, don haka komai nawa a kan katako yake, katakon a kan bulo, kuma ba abin da ya taɓa bango. Fukafukan biyu, kowanne mita ɗaya da rabi, na yi musu irin shimfiɗar Amurkawan nan da ragowar kafet ɗin da aka cire a masallacinmu.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne, amma su ne aikin. Bututun alminiyom na raba shi da kwalin da ya zo a ciki, saboda kwali in ya sha danshi ya manne da ƙarfen, farin gari yake bari a jiki, wanda shi ne tsatsar alminiyom. Ban kuma barin sa ya haɗa jiki da sandunan kabon, su biyun in suka haɗu a iska mai gishiri alminiyom ɗin ne yake cinyewa. Noti da kusoshi an shafe su da mai suna cikin robobin man shafawa. Gam da ƙyallen gilashi suna cikin bokitin fenti mai murfi, tare da 'yan ƙunshin tsotse danshin nan da ake samu a kwalin takalmi, waɗanda na bi shaguna ina roƙa har masu shagon suka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. In sun jiƙa a ɗan gasa su su koma aiki. Batira suna cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe da yashi a ƙasanta, ba a cike ba, ba a fanko ba, kowane ɗaki a kan bolt 3.8. Ɓeraye kuma na bar su da kyanwar Mama, ni nake sayen kifinta.

Akwai abin da duk wannan dabarar ba ta magani, kuma ku ne kawai za ku fahimce shi ba sai na yi dogon bayani ba. Bahaushe mai gemu, yana shiga gareji da daddare da bututu da wayoyi da batira, yana kullewa. Ba a yi kwana goma ba wata maƙwabciya ta kai magana wajen shugaban masu gidajen layin. Ban ga laifinta ba sosai, da ni ne ma zan tambaya. Baba ya kira ni ya ce, "Malam, ɗauko takardunka, mu je tare." Ya sa hularsa ya shiga gaba ina biye. Ya ce musu yaron nan a gidana yake, abin da yake yi na gani da idona, mai shakka ya zo in buɗe masa. Mutum biyar suka zo. Na nuna musu komai, na yi bayanin cewa ko tashi ba zai yi ba sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ba a unguwa ba. Wani dattijo ya ɗaga fiffiken da hannu ɗaya ya yi ta mamakin rashin nauyinsa. Tun ranar wasiƙar malamina mai duba aikin tana manne a ƙofar garejin cikin leda, kuma ba na aiki sai ƙofa a buɗe. Yaran layin sun zama 'yan kallo na dindindin, ɗaya har ya iya riƙe mini awo.

Ba'amurke yana lissafin faɗin garejinsa da tsayin rufinsa. Ni lissafina ya haɗa da lafiyar Baba, da yanayin fuskar Mama in na dawo, da labaran da aka ji a rediyo da safe game da Arewa. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Na kawo masa kilishi daga gida ya ce haƙoransa sun yi ritaya tare da shi, ya miƙa wa jikoki.

Yanzu ga inda ake. Ɗan Baba zai dawo da iyalinsa ƙarshen Disamba, da mota, kuma garejin ubansa ne. Baba da kansa ya faɗa mini yana ta ba ni haƙuri, kamar shi ya ci bashina. Gwajin tashi sai Fabrairu in Allah ya yarda, kare aikin kuma bayan nan. Kenan akwai wata uku da jirgin nan ba shi da makwanci.

Abin da nake nema bai da yawa: wuri mai rufin da ba ya yoyo, tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya, inda ruwa ba ya kwanciya in an yi sama, babu fetur a kusa, kuma mai wurin ya yarda a manna takarda a ƙofa. Shago ne da ba a amfani da bayansa, ko sito, ko garejin wani Alhaji a Agege ko Idi-Araba, duk ina so. Zan biya abin da ya sawwaƙa. Wanda ya san wani ya yi mini magana ta akwatin saƙo, batiran kuma ni zan san inda zan kai su.