Daga Pad Zuwa Maus: Shawara Ga Samarinmu



Yau maganar gem zan yi, dattawa a yi mani afuwa. Mu da muka taso a Agege, kusan kowa a gidan gem ya koyi riƙe pad ɗin PlayStation. Yanzu kuma na ga ƙannenmu suna tara kuɗi su je Computer Village a Ikeja su sayo kwamfuta tokumbo saboda wasan harbi ta intanet, musamman Counter-Strike 2 da ya fito a 2023, wanda kyauta ake sauke shi a Steam. Bayan sati biyu sai ka ji yaro yana cigiyar mai saye, wai wasan ya fi ƙarfinsa, ga asarar kuɗi.

Malam, ba kwamfutarka ce da laifi ba. A yawancin wasannin harbi na pad, gem ɗin da kansa yana taya ka saita bindiga a kan abokin gaba ba tare da ka lura ba. A maus babu mai taya ka. Don haka fara rage saurin maus ɗinka, ƙwararru da yawa a kan DPI 400 ko 800 suke bugawa. Ka samu faffaɗan tebur, ka riƙa motsa hannun gaba ɗaya, ba wuyan hannu kawai ba. Idan ka zaɓi sauri ɗaya ka zauna a kansa, mai canzawa kullum hannunsa ba ya sabawa. Yatsun hagu kuma a kan W, A, S da D, za su yi maka tsami kwana biyu, su daina.

A Counter-Strike wanda ya yi harbi yana gudu, iska yake harbi. Tsaya cak, sannan ka danna. Saitinka ya zauna daidai tsayin kan mutum, kada ka bar shi yana kallon ƙasa. Ka sa abin kunne, don takun ƙafa ne ke gaya maka ta inda za a ɓullo.

Sai maganar da ta fi damun mu a nan. Sabar da za ka hau tana Turai ko Afirka ta Kudu, saboda haka wani lokaci Bature zai riga ka harbi duk da kai ka fara ganinsa. Idan da hali ka jona waya daga rawuta zuwa kwamfuta, ta fi iska tsayawa.

Kuma wannan wasan ba ka da ikon tsayar da shi yadda ka saba. Ku biyar ne da wasu biyar, sai wani ɓangare ya ci zagaye 13, abin yakan wuce minti 30. In an ɗauke wuta, ko Baba ya ƙwala maka kira mota ta iso da kaya, ka fita ka bar mutum huɗu a rana, kuma gem ɗin zai hana ka shiga irin wannan gasa na wani lokaci. Ni dai ba na fara gasa idan Magariba ta gabato ko ban kulle shago ba. Lokacin jiran kwastoma akwai Deathmatch, ka shiga ka gwada hannu, ka fita sanda ka ga dama babu wanda zai tuhume ka.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya yarda. Wassalam.