Bebeji: Ƙofar da Igwa ta Buɗe

Da hantsi na sauka daga titin Kano zuwa Zariya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni cikin Bebeji, dawa ta yi kai hagu da dama. Garin shiru. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka ƙauye ne da ya yi ƙiba, alhali zangon fatake ne tun kafin Bature ya san hanyar Kano. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu kai baƙi da kanwa Gwanja su komo da goro.

Wani dattijo da na tarar kan tabarma a gindin darbejiya ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi. Na ce, "Baba, ina ƙofar da Nasara suka fasa?" Ya nuna da haɓa. "Malam, ƙofa ai ta tafi. Sai labari."

Labarin kuwa ba mai tsawo ba ne. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojan Nasara. Bebeji ta rufe ƙofa, aka saita igwa, harsashi ya tarwatsa ta, ya kashe sarkin garin. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarkinta Alu yana hanyar Sakkwato. A can Sakkwato, cikin Maris, Gwamna Lugga ya faɗa ba kwana-kwana: naɗa sarki, tuɓe shi da aza haraji duk sun koma hannun Ingila.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar da ta biyo bayan igwa. Aka ɗora wa ayari kuɗin fito, kashi 5 cikin 100 na kaya a kowane lardi, har kashi 15. Falke ya biya a ƙasar da jakunan kakansa suka taka hanyarta. An soke kuɗin fiton a 1907, amma a 1911 dogo ya isa Kano, ya bi ta Dangora a ƙasar Ƙiru, kasuwa ta juya baya ga Gwanja da Tarabulus ta fuskanci Ikko. Shi kansa Ɗantata a 1918 ya koma sayen gyaɗa wa kamfanin Neja. Ya yi arziki, ba musu, sai dai farashi ba a Kano ake yanka shi ba.

Ingila ta daɗe da wannan hali. Tun 1651 ta hana 'yan mulkin mallakarta na Amurka yin dakon kaya sai a jiragenta. Da mutanen Boston suka zubar da ganyen shayi a teku a 1773, a shekarar da ta biyo baya Ingila ta rufe tasharsu, ta ƙwace wa yankinsu na Masachuset ikon zaɓen majalisarta. Su suka ɗauki bindiga. A nan ƙasar Kano an riga an gwada bindigar.

Washegari na bi ta Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore zuwa Riruwai a Doguwa, inda a da mutane suka daɗe suna narka kuza su zuba ta siri-siri kamar tsinke. Dokar ma'adinai ta 1902 ta ce haƙa sai da lasin gwamna. Duwatsun na nan, ramukan ma na nan, yara na kiwon awaki a bakinsu.